Tukunyar Jego a Ƙasar Ƙanƙara

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke gefen Makoda. Duk shekara idan muka iso babin ƙasashe masu sanyi, sai in ɗauki farin alli in zana dusar ƙanƙara a allo, in yi bayaninta da gadara kamar a gonarmu take zuba. Yara su kwafa, su ci jarrabawa. Babu wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa taka ta?" Ashe tambayar tana can Estoniya tana jirana.

Shekarun nan ne da albashin malami ya koma kamar baƙon da ya leƙo gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya miƙe. Da na samu gurbin karatun digiri na biyu, da alkawarin tallafi daga wata hukuma a gida, ban yi dogon tunani ba. Na sayar da babur, na jinginar da gonar gado, na ɗauki matata Rabi, wadda ba mu cika shekara da aure ba. Ba zan tsaya kan rabuwa ba. Duk wanda ya taɓa barin gida ya san yadda ake yi a tasha.

Zangonmu na farko babban birninsu ne, kuma mutumin da ya fara cuta ta a Turai da Hausa ya cuce ni. Ɗanlami sunansa, abokin wani abokina ne ya haɗa mu a waya tun ina gida. "Malam, kai dai ka iso. Ɗaki na nan, har labule na sa wa amarya." Na tura masa kafin alƙalami. Da muka isa mun tarar da labulen, wannan kam bai yi ƙarya ba, amma a bayansa akwai ɗalibai uku 'yan Bangaladash, kowanne da makullinsa, kowanne Ɗanlami ya rantse masa ɗakin nasa ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai gudu ba. Har na bar ƙasar, in muka haɗu a sallar Juma'a sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya Madam? Ya sanyi?" Tallafin hukuma kuwa ya zo sau ɗaya, daga nan ya rikiɗe ya zama magana: ana kan aiki a kai.

Da birni ya fi ƙarfinmu sai muka gangara ƙauye, inda jirgin ƙasa zai iya kai ni makaranta. A nan na yi abin da duk ɗan Makoda mai hankali zai yi. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiran Magariba. Aka nuna mana gidaje biyu. Ɗaya ɗan tsugul ne, tagoginsa kamar na kurkuku. Ɗayan na katako ne a kan tudu, tagogi manya-manya, inuwar bishiyoyi ta rufe shi, iska na shiga ta gabas tana fita ta yamma. Na tsaya a tsakiyar falo rigata tana kaɗawa, na ce, "Rabi, ji iska!"

Ta ce, "Wallahi Malam, kamar a gindin tsamiya."

Ga shi kuma shi ya fi araha. Na ɗauka rashin wayon Bature ne. Mai gidan, wanda a birni yake zaune, ya yi wata magana a kan cewa injin ɗumama gidan ya mutu, bututun hayaƙin ma ya tsage har an hana hura wuta a ciki. Na gyaɗa kai. A lokacin zufa nake yi.

Na samu aiki a ƙauyen gaba, a garejin wani dattijo mai suna Juhan, mai gyaran kayan noma. Mu gidanmu maƙera ne. Mahaifina ya sa ni boko musamman don kada in ƙare a gindin zuga-zugi, amma duk hutun makaranta a shagon waldar kawuna a Dambatta nake yinsa. Haka na tsallake hamada da teku da takardu a jaka, abin da ya ciyar da ni a ƙarshe shi ne abin da aka kai ni makaranta don in guje masa. Juhan ba shi da yawan magana. In ya ce "hm" sau biyu a yini, to ranar hira ta yi daɗi. Yayarsa Helmi ita ce maƙwabciyarmu, tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a bayan wata gona. Takan ajiye mana dankali ko tuffa a bakin ƙofa ta juya ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Rabi ta ce, "Wannan baiwar Allah ko sannu ba ta jira." Ta sa mata suna Inna Helmi.

Sannan sanyi ya zo. Ba zan kwatanta shi ba, na riga na ɓata shekaru ina kwatanta shi ba daidai ba. Iskar da na yaba ba ta karya alkawari ba, ta ci gaba da shiga ta gabas tana fita ta yamma. Ruwan buta ya daskare a banɗaki. Muka tattare a ɗaki ɗaya da wata 'yar hita ta lantarki, wadda kan ɗumama ƙafa ɗaya, kafin a miƙa mata ɗayar ta farko ta huce. Ga Rabi da ciki, na fari. Ta daina 'yan waƙe-waƙen da take yi in tana girki, ta koma zaman bakin taga. Wata rana ta ce mini abin da ta fi kewa shi ne ƙarar daka. "A nan gari sai ya waye ba ka ji turmi ko ɗaya ba. Ta yaya mutum zai san akwai mutane?"

Abin da ya faru daga baya, a gida ba wanda zai kira shi ganganci. Kowace tsohuwa a ƙasar Tofa, garinsu Rabi, in ɗari ya matsa takan zuba garwashi a kasko ta shiga da shi ɗaki. Ɗakin ƙasa yana numfashi, ta saman bango, ta ƙarƙashin ƙyaure. Mu kuwa mun bi kowace kafa ta ɗakinmu mun toshe da tsumma da salatif. Ina wajen aiki Rabi ta samu gawayin gashin nama da mai gida ya bari a rumfa, ta hura shi a wata tsohuwar tukunya, ta shiga da shi ta ja ƙofa. Helmi ce ta zo ajiye ƙwai, ta hango ta ta taga a kwance a ƙasa. Ranar ma ba ta ƙwanƙwasa ba, fasa ƙofar ta yi. Ta jawo Rabi waje, ta yi jifa da tukunyar cikin ƙanƙara, ta kira motar asibiti. Likita ta ce da uwar da abin da ke cikinta sun tsira, amma da ƙyar.

Labari ya isa Tofa kafin a sallame mu. Surukata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba. Tsakaninmu gaisuwa ce, ina durƙushe tana kallon gefe. Sai ga kiranta ta wayar Yaya Sule, wan Rabi mai sayar da hatsi. Ina tsakar gida lokacin, na durƙusa a kan ƙanƙara, don gwiwa ba ta san waya ake yi ba.

"Malam Haladu."

"Na'am Inna. Barka da yini."

"Lafiya. Haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, ka sani. Na yi shiru ne don an ce mini nisa. Yanzu Sule zai sayi tikiti."

"Inna, a yi haƙuri, in ta taho..."

"Wa zai dafa mata ruwan jego? Ina tukunyar? Ina itacen? Wa zai yi mata wankan, kai? Ɗakin da za ta kwanta ma an ce mini kamar cikin randa. Ba na ce ka yi laifi ba, amma 'yata ce."

Ba ni da bakin da zan gaya wa Inna yadda takardu suke. Izinin zaman Rabi a jikin nawa yake rataye, nawa kuma a jikin karatun da ke tangal-tangal. In ta tafi, babu mai sake ba ta biza da asusun banki irin nawa. In na bi ta, na koma ba digiri, ba babur, ba gona. Tafiyarta na nufin shekaru, abin da za ta haifa ya yi wayo yana sanin ubansa a fuskar waya. Likita kuma ta ce makonni kaɗan suka rage a daina barinta shiga jirgi.

Na tambayi Rabi abin da take so. Ta murza bakin zanenta ta ce:

"Malam, in na ce ba na son ganin Inna na yi ƙarya. Har mafarkin tuwonta nake yi. In na ce zan iya barin ka a nan kana cin burodi da ruwan shayi kamar ɗan makarantar kwana, nan ma ƙarya na yi. Ka sa gidan nan ya yi ɗumi mu gani. Amma wuta ba za ta ƙara shiga ɗakin da nake ba."

Wannan sharaɗin nata shi ya ba ni fasalin abin. A gida ma ai ba a ɗaki ake dafa ruwan jego ba. Murhu ake kafawa a tsakar gida, a ɗora ƙatuwar tukunya ko rabin duro. Gidan namu kuma yana da tsofaffin radiyetoci a jikin bango, ƙarafan nan da ruwan zafi ke zagayawa a cikinsu, sun mutu tare da injin. To me zai hana wutar ta zauna a waje, ruwan ne kawai ya shigo?

Na zana wa Juhan a allon garejinsa. Ƙaramin tanki a cikin babban tanki. Na ciki shi ne murhu, da ƙofarsa da bututun hayaƙinsa. Tsakanin biyun ruwa ne, ya kewaye wutar ta ko'ina. Bututu biyu a binne zuwa gida, ɗaya ya kai mai zafi, ɗaya ya dawo da wanda ya huce, da ɗan injin da zai riƙa tura shi. A gefe kuma famfo, don ɗibar ruwan wanka. Na yi bayani har da sanda, kamar ina gaban 'yan aji uku. Juhan ya duba, ya karɓi allin ya ƙara wani ɗan bututu buɗaɗɗe a sama don tururi ya samu mafita. Sannan ya haɗa tafukansa ya ware su ya ce, "Bum." Na rubuta ranar a cikin ranakun da ya yi surutu.

Tankunan suna bayan garejinsa a yashe, ragowar wata tsohuwar gonar gwamnati. Babban a da na mai ne, don haka sai da muka cika shi da ruwa kafin mu sa masa injin yanka, kada ragowar tururin man ya tashi da mu. Mai gida ya ce a waya, in dai a waje ne, kuma ba daga aljihunsa ba, in gina hasumiya ma in na ga dama.

Walda a cikin wannan sanyi wata sana'a ce daban. Yatsu ba sa jin umarni, numfashi yana rufe gilashin fuska, ƙarfen kansa sai an ɗan gasa shi kafin ya yarda ya kama. Amma ƙaurin ƙarfe in yana narkewa iri ɗaya ne a ko'ina. Da zarar na sauke gilashin duhu ya rufe ni, shuɗin hasken nan ya tashi, sai in koma Dambatta. Ga mai rake da baronsa, ga rediyo yana ta shishi, ga Kawu yana tsokanar masu wucewa, "Kai mai keken nan, uban wa ya yi maka wannan waldar, ko da tuwo aka liƙa?" In ɗaga gilashin, sai farin fili da hankaka ɗaya. Sau da yawa nakan ƙara sandar walda ɗaya ba don aikin yana bukata ba.

Haƙa ramin bututun ya fi waldar wuya. Ƙasa ta daskare ta zama dutse, diga tana tsalle a kanta. Sai na riƙa hura wuta a kan wurin, ta ci ta mutu, in tone abin da ya saki, in matsa gaba in sake hurawa. Rabi takan buɗe taga kaɗan ta ce, "Malam, gyaɗar ta yi 'ya'ya kuwa?"

Ranar da muka cika tankin da ruwa don gwaji, sai ga shi yana zubar hawaye ta ko'ina. Na bi kowane ɗigo ina kewaye shi da alli, kamar ina duba takardar jarrabawa, kuma ban taɓa samun ɗalibin da ya sha gyara kamar wannan ba. Muka zubar da ruwan, na sake bi, muka sake cikawa, ya sake ɗiga. Ana cikin haka Yaya Sule ya kira.

"Malam, mai tikiti ya ce kullum ƙara tsada yake. In saya?"

"Yaya, a ba ni zuwa Juma'a."

"Waccan Juma'ar ma haka ka ce. Wai da gaske tukunya kake ƙerawa? Mu nan mun gaya wa mutane digiri ka je yi."

"Duka biyun nake yi, Yaya."

"To Allah ya sa ɗaya ya dahu."

Da tanki ya daina ɗiga, muka lulluɓe shi da wata irin auduga da suke sa wa bango, muka rufe da kwano, sai matsalar itace ta taso. Wanda na tsinto a daji ɗanye ne sharaf, hayaƙi kawai yake yi yana tsiyayar ruwa. Ina tsugune ina fifita ina hawaye, sai na ji ana jan wani abu a kan ƙanƙara. Helmi ce, ta ɗoro busasshen itace, fasasshe, a kan katakon da suke ja. Mijinta ne ya faskara ya jera kafin ya rasu, ta ce, shekaru ke nan tana ɗiba kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare. Na fara haɗa godiya da ɗan yarensu da na tsinta. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. "Shi ba ya jin sanyi yanzu," ta ce, ta koma ɗebo wani.

Da safiyar Juma'ar muka kunna. Wuta ta kama, ƙofar murhu ta rufu, ɗan injin ya fara gunaguni. Na tsaya a waje ina kallon hayaƙi, don ba ni da ƙarfin halin shiga. Rabi tana ciki ta ɗora tafinta a kan radiyeta tana jira. Aka daɗe. Sai bututun suka fara ƙwas-ƙwas a cikin bango, sannan na ji muryarta.

"Malam! Malam, zo ka taɓa!"

Na shiga na tarar ta cire hular sanyi, ta cire safa, tana tsaye da tafin ƙafarta a kan katako tana dariya. Rabon da in ga kitsonta har na manta.

Muka kira Yaya Sule a bidiyo, ya kai wa Inna. Na zagaya da wayar na nuna mata tankin.

"Matso da shi. Wannan ai rumbu ne."

Na buɗe famfo, ruwa ya zubo a bokiti yana tururi. Na nuna mata itace a jere har ƙirjina. Rabi ta nuna mata ƙafafunta ba safa.

Inna ta ce, "To. Na ga tukunya, na ga itace. Wa zai yi wankan?"

Wannan kam ban ƙera masa amsa ba. Helmi tana gefe tana ɗumama hannu a jikin ƙofar murhu, ta tambaye ni me tsohuwar take so. Na yi mata bayani da guntun yare da dogon hannu: in mace ta haihu, ruwan zafi, a ɗaure ganye, a tsoma, a riƙa fyaɗa mata a jiki, safe da yamma. Na jira in ga irin fuskar nan da Turawa kan yi in sun ji al'adarmu. Ba ta yi ba. Juyawa ta yi ta tafi ba ko kalma.

"Ka gani ko," in ji Inna, a hankali.

Yaya Sule ya karɓi wayar ya shiga lissafin ranakun jirgi, wanne ke tsayawa a ina, wa zai tare ta a Kano. Rabi ta zauna a kan itacen tana kallon ƙasa. Ni kuma ina ta "to, Yaya", "haka ne, Yaya", ga tukunyata tana ta tafasa a bayana ba ta san an gama da ita ba.

Sai ga Helmi ta dawo tana haki, da damin busasshen ganye a hannu, an ɗaure gindinsa tamau. Ta tsoma shi a bokitin, ta bari ya jiƙa ya buɗe, ta girgiza, ta fyaɗa a kafaɗarta ta hagu, ta fyaɗa a ta dama, ta kai baya. Faf, faf, faf.

"Kai!" Muryar Inna ce. "Sule, riƙe wayar nan da kyau! Wa ya koya mata?"

Na tambaya. Helmi ta ce ba wanda ya koya mata. A ɗakin wankan tururi uwarta ta haife ta, a nan aka yi musu wanka su biyun, da irin wannan ganyen. Nata ɗakin ya rushe, amma duk lokacin zafi takan yanko rassan wata bishiya mai farin ɓawo ta ɗaɗɗaure ta rataye.

"Ba darbejiya ba ce," in ji Inna.

"A'a Inna, babu ita a nan."

"Na gani ai. Tambaye ta, ta taɓa yi wa mai jego?"

Helmi ta karkaɗe ganyen. Ta ce 'yarta ɗaya ce. Ta tafi neman aiki Ostareliya, ta haihu a can har sau biyu. Duka biyun ta ɗaure ganye ta ajiye. A waya ta ga jikokin.

Na fassara. Ina jin kukan akuya a bayan Inna da muryar mai tallan fura. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna ta ɗan gilashin nan.

"Ashe ita ma," in ji Inna. Ta gyara mayafinta. "Sule, bar maganar tikitin nan. Malam Haladu, ka ce mata daga kafaɗa ake farawa, kuma kada ta ji tausayi."

Ta ja mayafin ta rufe fuska ta kauce. Yaya Sule ya manta da mu, ya bar mu muna kallon bangon ƙasa.

Rabi ta sauka lafiya a ƙarshen sanyi, mace. Ungozomar asibiti ta ja mana kunne sosai: ruwa mai ɗumi, ban da mai ƙuna, ban da kunun kanwa. Safiyar farko a gida na yi Asuba na fita na cika murhu. Inna ta ce a ajiye waya a bakin ƙofar banɗaki, murya kawai, tana so ta ji. Ina waje ina faskare sai na jiyo faf, faf ta cikin bango, sannan ihun Rabi ya tashi.

"Wayyo Inna! Wayyo zafi! Wayyo bayana!"

Ta wayar kuma Inna tana dariya, irin dariyar da ake yi da toshewar hanci. "Yawwa! Haka ake yi. Daure, 'yar nan, daure. Ƙara mata ta ƙugu!"

Na yar da gatari. Na yi ta safa da marwa a bakin ƙofa har aka gama aka kashe wayar. Na shiga na samu Rabi a naɗe cikin bargo kusa da radiyeta, jaririya a ƙirjinta, ƙanshin ganye ya cika ɗakin.

"Rabi, ba ki ji abin da ungozoma ta ce ba? Bari in rage wutar."

"Bar wutarka, Malam. Inna Helmi ta surka shi sosai. Ko jaririyar nan za a iya tsomawa."

"To ihun fa?"

Ta gyara wa yarinyar hula, ba ta ɗago ba.

"Innata ba ta wanke jikarta ba. Ba ta dafa mini ƙauri ba. Ko ɗaukar ta ba ta yi ba. Ihun ma in hana ta?"

Haka ta yi ta yinsa, safe da yamma, har aka yi arba'in. Ni kuma ina waje ina ƙara itace.